Ɓangaren Jikke

"Ban ce a goge ba," in ji Auke Bosma, karo na uku ke nan. Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin kwamfutar ya danne, sai ka ce wani ne zai fizge ta ya gudu. "Cewa na yi a gyara ta, ta riƙa yin kiran bidiyo. Abin da ya kawo ni ke nan."

Renske ta cire tabaranta ta ajiye a kan tebur. Shekara ashirin ta yi tana kula da kwamfutocin wani asibiti kafin ta gaji ta ajiye aikin. Yanzu duk Asabar da safe tana nan zauren unguwa tare da sauran masu gyara kyauta, wannan na fama da keke, wancan da dutsen guga. Ta saba da tsofaffi masu taurin kai, amma na yau ya kere sa'a.

"Malam Bosma, ka saurare ni da kyau. Injin kansa lafiyarsa lau. Babbar manhajar da ke tuƙa shi ce ta tsufa, shi ya sa kiran yake ƙin shiga, kuma ko kwana za mu yi a nan ba zai shiga ba. Sai an sa sabuwa. In kwashe maka hotuna da takardu a filashi, ɗan abin ajiyar nan, in share ta tas, in sa sabuwar, in mayar maka da kayanka. Ko tsinke ba zai ɓata ba."

"A'a."

"Me ya sa?"

Auke ya ƙara danne murfin. Daga teburin da ke gefe, Douwe, wanda suka yi firamare tare shekara sittin da wani abu da suka wuce, ya ɗago kai daga cikin injin gahawar da ya warware.

"Ƙyale shi, Renske. Kwamfutar Jikke ce."

Renske ba 'yar garin nan ba ce, amma sunan ba baƙonta ba ne. Duk wanda ya yi wata ɗaya a garinmu ya ji labarin jana'izar Jikke, matar Auke, ko yana so ko ba ya so.

Shekara talatin da shida Auke ya yi yana ɗaga gadar da ke kan mashigin ruwa don jiragen ruwa su wuce, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga ta da minti ɗaya kafin lokaci ko bayan lokaci ba. Mu nan ba mu da abin tunƙaho kamar cika lokaci. Ko uwarka za ka gaisar, sai ka duba littafin alƙawura an sa rana. To amma ko a cikinmu Auke daban yake. Da Jikke ta rasu, an buga kati cewa za a binne ta ƙarfe sha ɗaya. 'Yarsu ɗaya tilo, Marrit, wadda ke aikin jinya a Kanada, ta kwana a jirgin sama, ta sauka da safe, sai jirgin ƙasan da ya ɗauko ta ya tsaya cak a tsakiyar gonaki. Ta bugo waya tana kuka, ta ce a ba ta minti arba'in. Fasto ya ce a jira. Masu ɗaukar akwatin suka ce su ba inda za su. Auke ya dubi agogonsa ya ce, "Sha ɗaya aka rubuta. Mutane sun zo a kan lokaci."

Ko da Marrit ta iso, an riga an saukar da akwatin, jama'a sun koma zaure suna shan gahawa da kek. Wallahi ran nan ko mu masu son cika lokacin sai da muka sunkuyar da kai. A otal ta kwana, ba a gidan ubanta ba, bayan kwana uku ta koma. Wata goma sha huɗu ke nan ba ta yi masa magana ba.

Sai makon jiya kati ya zo. Auke ya zaro shi daga aljihun ƙirji ya miƙa wa Renske, don ya fi sauƙi a kan bayani. Gefensa har ya yi laushi saboda yawan buɗewa. Marrit ta rubuta wasu lambobi na shiga kira, a ƙasa kuma ta ce: "Asabar, ƙarfe huɗu agogonku. Ina da rabin awa kafin in tafi aiki. Ba waya nake so ba, fuskarka nake so in gani. In ba ka zo ba, zan gane."

"Yau ke nan," in ji Renske.

"Yau."

Ta miƙa masa katin, ta jawo kwamfutar gabanta a hankali, wannan karon kuma ya sakar mata. Da ta kunna, aka sha jira kafin ta farka. Hoton wani lambu ne ya fito, da wake ya hau sanduna, amma da ƙyar ake ganinsa saboda tarkace. Takardu da hotuna ne birjik a fuskar kwamfutar, wani kan wani, kowane da irin sunan da Jikke ta ga dama ta ba shi. *Tsuntsayen taga. Tsuntsayen taga na gaskiya. Kar a goge. Wannan ma kar a goge. Maganin Auke.*

"Duk wannan zan iya kwashe maka," in ji Renske, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba kayan ba ne," in ji shi. "Yadda ta bar su ne."

Renske ta daɗe tana kallon hoton lambun. Sannan ta mayar da tabaranta.

"To akwai wata hanya. Rumbun ajiyar da ke ciki babba ne, ita kuwa ko rabinsa ba ta cika ba. Sai in matsa kayanta gefe ɗaya, in ja katanga a tsakiya, in sa sabuwar manhajar a ɗaya ɓangaren. Gida ɗaya, ɗaki biyu. In ka kunna, za ta tambaye ka wanne za ka shiga. Nata yana nan yadda yake, naka kuma daban."

"Ba za su haɗu ba?"

"Ko gaisawa ba za su yi ba."

"Ashe irin aurenku ne," in ji Douwe.

"Kai dai ji da injin da ka kashe," in ji Auke, bai ko waiwaya ba.

Renske ta ɗaga yatsa. "Amma gaskiya ɗaya ce. Lokacin da ake matsa katangar, in wuta ta ɗauke, komai na iya lalacewa. Ba kasafai ba, amma yana faruwa. Shi ya sa sai na fara kwashe kayan tukuna, ko ka so ko ka ƙi. In abin ya ɓaci, kayan za su tsira, yadda ta bar su ne ba zai dawo ba. Ka yarda?"

Auke ya dubi agogonsa. Goma da minti ashirin. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da likitan Jikke ya ce su zauna tukuna. Ya taɓa aljihun da katin yake.

"Yi," ya ce.

Kwashe kayan kaɗai ya ci minti arba'in. Wata mata ta kawo musu gahawa da biskit ɗaɗɗaya a gefen faranti. Renske ta rufe wa tsohuwar manhajar hanyar intanet gaba ɗaya, ta ce tunda ba mai gadinta yanzu, gara ta zauna a kulle, kada ɓarayi su shigo ta nan. Auke ya gyaɗa kai. Hakan ma ya yi masa, ba wanda zai dame ta.

Sai ta sa wani filashin, ta sake kunnawa. Wani dogon zane ya fito, shuɗi daga farko har ƙarshe.

"Wannan duka na Jikke ne," in ji ta. Ta kama gefensa da linzamin kwamfutar ta ja shi baya sannu a hankali, sai fili ya buɗe a dama, fari fat. "Wannan kuma naka. Ya ishe ka?"

"Me zan zuba a ciki?"

"Oho. Kai ka sani."

Kafin ta danna, ta juya masa fuskar kwamfutar, ta sa shi ya karanta da bakinsa. Layi na farko ya ce a share komai. Na biyu ya ce a sa sabuwar a gefen tsohuwar. Sau biyu ya karanta, yana bin kalmomin da yatsa, sannan ya ce na biyun. Ta ce to shi zai danna da kansa. Ya danna.

Wani siririn layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Ba abin yi sai kallo. Zauren cike yake da mutane, ana ta ƙwanƙwasa da dariya, wata na rantsuwa cewa jiya-jiyan nan na'urar gasa burodinta ke aiki. Auke na zaune a tsakiyarsu da hularsa a kan gwiwa, kuma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan zaman ba. A gida aƙalla ya san ba kowa. Layin ya kai kashi talatin da ɗaya.

A daidai nan Douwe ya ce, "To bari mu gani," ya cusa wayar injin gahawarsa a bango. Aka ji ƙas, fitilun zauren suka mutu gaba ɗaya.

Kwamfutar ba ta mutu ba, amma haskenta ya dushe, wani ɗan jan hoto ya bayyana a kusurwa.

"Batirin yana riƙe wuta?" in ji Renske, ba ta ɗaga murya ba.

"Minti huɗu. Wani lokaci uku." Jikke kullum a jone take barinta.

"Douwe," in ji Renske, "akwatin fis na wutar zauren yana bayan kicin. Cire tsiyar nan taka daga bango tukuna."

Douwe mai shekara saba'in da huɗu da ciwon gwiwa ya yi gudun da matarsa ba ta taɓa gani ba. Auke ya kafa wa agogonsa ido, don ba zai iya kallon layin ba. Minti ɗaya. Ana jin Douwe yana ture kujeru a duhu yana zagin wanda ya tara su a nan. Minti biyu. Auke ya ji bakinsa na motsi, sai ya gane sunan Jikke yake kira. Minti biyu da daƙiƙa hamsin, fitilu suka dawo.

Layin ya motsa zuwa talatin da biyu.

Douwe ya dawo yana haki, yanar gizo-gizo a gashinsa. "Ban kashe ta ba ko?"

"Da ka kashe ta da yau ka kwana a mashigin ruwa," in ji Auke.

"Kai da ba ka iya iyo ba, wa za ka jefa?" Amma ya dafa kafaɗar Auke ya matse kafin ya koma wurinsa, kuma bai ƙara taɓa injin nan ba sai da aka gama.

Sha biyu da rabi ta wuce kafin komai ya kammala. Renske ta zare filashin ta sake kunnawa. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, da layi biyu na farin rubutu, a ƙasa kuma lamba tana sauka daga goma.

"Ga ƙofofin nan biyu. Da wannan maɓallin mai kibiya za ka zaɓa, sai ka danna babban. In ba ka taɓa komai ba har goman ta ƙare, na saman zai buɗe da kansa. Wanne kake so a sama?"

"Na Jikke."

"Ka tabbata? Sabon za ka fi shiga."

"Ita ta riga zuwa."

Renske ta gyaɗa kai. Ta yi yadda ya ce. Suka leƙa ɓangaren Jikke, ga lambu, ga wake, ga *Kar a goge* a inda yake. Auke ya saki numfashin da ya riƙe tun safe. Sannan suka shiga sabon. Fili ne fetal, launin toka, ba hoto ba komai. Renske ta sa masa alama guda ɗaya a tsakiya, ƙatuwa, ta rubuta *Marrit* a ƙarƙashinta, ta gwada masa sau biyu yadda zai danna. Fuskarsa ta fito a ɗan akwati, ya ga wani tsoho mai jajayen kunnuwa yana hararsa.

Ya dubi agogo. Ɗaya saura kwata. Bas ɗinsa ɗaya saura minti takwas take tashi. Ya rufe kwamfutar, ya naɗe waya, ya zuba a jakar cefanen Jikke.

"Tsaya, Malam Bosma, saura abu ɗaya," in ji Renske. "Maganar agogo ce. Ka ga in ka fito daga sabon ka shiga tsohon…"

"Agogo?" Ya riga ya sa hula. "'Yar nan, na gode ƙwarai, kin yi mini abin da ba zan manta ba. Amma ba ni za a koya wa agogo ba."

Douwe ya kwashe da dariya. Wani mutum ya riga ya dire firinta a gaban Renske yana zayyana laifuffukanta. Ta ɗaga hannu za ta sake kiransa, amma Auke ya kai ƙofa. Ya samu bas ɗin da ragowar minti biyu, abin kuma ya yi masa daɗi.

A gida ya ci burodi yanka biyu da cuku a tsaye, ya wanke faranti ɗaya da wuƙa ɗaya. Ya aske gemu karo na biyu a ranar. Ya sa rigar da Marrit ta aiko masa shekara uku da suka wuce, wadda bai taɓa sawa ba don ya ce launinta ya yi yawa. Ya tsaya gaban madubi ya gwada abin da zai ce, sai ya ga ba shi da komai bayan sannu. Biyu da kwata ya ɗauki jakar ya nufi bene.

A gindin matakala akwai wani ɗan faranti mai tsaga a gefe. Ya kwance agogonsa ya ajiye a ciki. Dokar Jikke ce tun suna da ƙuruciya. Ta ce duk gidan ta bar masa ya cika shi da agogo, amma ɗan ɗakinta na sama ba a shiga da shi. Ita dai Jikke ba ta taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, har ɗaurin aurenta sai da aka jira ta, kuma shekara arba'in da bakwai suna wannan faɗan. Tun da ta rasu ba wanda zai hana shi, amma ko sau ɗaya bai hau da agogon ba.

Ya jona kwamfutar a kan teburinta da ke bakin taga. Layi biyun suka fito, lamba ta fara sauka. Akwai sauran lokaci da yawa, ya ce a ransa, bari ya leƙa ya tabbatar komai na nan, a zaure bai duba da kyau ba. Ya naɗe hannu ya bar goman ta ƙare.

Da ma kullum kallo kawai yake yi, ba ya buɗe komai, don gudun kada ya ɓata wani abu. Yau da ya ga saura ƙiris ya rasa duka, sai ya kasa haƙuri. Ya buɗe *Tsuntsayen taga na gaskiya*. Shekara tara ta yi tana rubuta duk tsuntsun da ya sauka a bishiyar da ke gaban tagar nan, da rana da yanayin gari, a gefe kuma tana sa abin da ya zo mata. *Auke ya yi fushi, miya ta makara da minti goma. Ya ci kwano biyu.* Ya yi dariya shi kaɗai, sautin ya ba shi mamaki a ɗakin. *Marrit ta kira. Ta rame. Ban gaya wa Auke ba, zai ce ta dawo gida, su yi faɗa.* Ya bi su layi-layi, shekara bayan shekara, bai tsallake ko tsuntsu ɗaya ba.

Can ya tuna, ya dubi ɗan agogon da ke kusurwar kwamfutar. Uku da minti biyar. Da saura.

Ya ga wani abu mai suna *Gwaji*, ya danna, sai muryarta ta cika ɗakin. Waƙar ƙungiyar mawaƙan coci take gwadawa, tana kuskure tana komawa baya. A tsakiya aka ji wata murya daga ƙasa, tasa, tana cewa bas saura minti shida. "Ina zuwa," in ji Jikke, sannan ƙasa-ƙasa ta ce wa kwamfutar, "Mutumin nan zai kashe ni da minti." Ta ci gaba da waƙarta. Auke ya kifa goshinsa a kan hannunsa ya yi kukan da bai yi a makabarta ba. Da ta ƙare ya sake sawa, ya kuma sakewa.

Da ya ɗago, agogon kusurwa ya ce uku da rabi da minti biyar. Ya share fuska, ya ce bari ya shirya. Sai ya lura ba ya ganin maɓallan sosai. Ya dubi taga. Bishiyar ta zama baƙa, sama ta yi jaja-jaja ta can bayan gada, ana cikin haka fitilun titi suka kama ɗaya bayan ɗaya.

Mutumin da ya yi shekara talatin da shida a kan gada ya san lokacin da rana ke faɗuwa a ƙarshen Nuwamba. Ba uku da rabi ba ne.

Ya sauka matakalar yana dafa bango. Agogonsa na cikin faranti yana tafiyarsa hankali kwance. Biyar saura minti ashirin da huɗu.

Abin da Renske ta so ta gaya masa ke nan. Ɗakunan biyu ne, amma agogon da ke cikin injin ɗaya ne. Sabuwar manhajar tana saita shi a kan lokacin da duniya ta yarda a riƙa aunawa da shi, sai ta ƙara awa ɗaya tamu da kanta. Tsohuwar kuwa abin da ta tarar shi take nunawa, ga shi an rufe mata intanet, ba wanda za ta tambaya. Duk wanda ya shiga ɓangaren Jikke, awa ɗaya yake a baya. Gyaran bai fi na minti biyu ba, da ya tsaya ya ji.

Rabin awar Marrit ta riga ta ƙare. *In ba ka zo ba, zan gane.* Auke ya tsaya a gindin matakala da agogo a hannu, kunya ta rufe shi. Wata zuciyar ta ce ya zauna kawai, an gama, wanda ya makara ya makara, shi da bakinsa ya sha faɗa. Ya hau benen nan bibbiyu, agogon na dunƙule a hannunsa, bai ma san ya karya dokar ba.

Ya kashe, ya kunna. Tsohuwar manhajar ta ɗauki lokacinta wajen rufewa, kamar mai ita. Baƙin allo ya fito. Goma, tara. Ɗakin ya yi duhu, ya laluba neman maɓallin kibiya, ya danna wani daban, tabaransa suka zame suka faɗi ƙasan tebur. Ko da ya ɗago da su, lambar ta ƙare. Ga lambu, ga wake a kan sanduna.

"Jikke," ya ce, "don Allah sake ni."

Ya kunna fitilar tebur. Ya sake kashewa. Wannan karon ya ɗora yatsarsa a kan kibiyar tun kafin rubutun ya fito, ya danna ƙasa, ya danna babban. Filin toka ya buɗe, ba kowa ba komai sai alama ɗaya a tsakiya. Agogon wannan ɓangaren ya ce biyar saura minti goma sha tara. Ya danna sunan 'yarsa, ba don yana sa ran komai ba, sai don ya ga wurin da ta zauna.

Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Sai ga kicin, da hasken safiya ta taga, da dusar ƙanƙara a kan rufin maƙwabta. Marrit na zaune da kayan aikin jinya, ta ɗora rigar sanyi a kai har ta ja zif, makullin mota a hannunta. Kofin da ke gabanta babu komai a ciki. Furfura ta fito mata a gefen kai, bai san da ita ba.

Suka dubi juna.

"Na makara," in ji Auke.

"Na gani."

"Minti arba'in da ɗaya."

"Na san za ka ƙirga, Baba."

"Aikinki fa?"

"Na buga musu na ce zan makara." Ta juya makullin a hannunta. "Ina ka shiga?"

Ya nemi yadda zai yi bayanin katanga da ɓangarori da agogon inji, ya ga ba zai iya ba.

"Ina wurin mamanki," ya ce.

Marrit ta dubi bangon da ke bayansa, ta gane ɗakin, ta gane rigar da ke jikinsa. Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye.

"To ai dole ka makara."

Auke ya buɗe hannunsa, ya ga agogon ya yi masa shaida a tafi. Ya kifa shi a kan tebur, fuskarsa ƙasa.

"Marrit," ya ce. "Da ma na jira ki ranar jana'izar."

Ta ajiye makullin motar a gefen kofin, ta zuge zif ɗin rigar sanyin, ta cire ta ta rataya a bayan kujera, sannan ta gyara zama.